Neman Duna a Hayin Iyaka

Tun da na dawo daga Nijar abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a Gagarawa Tasha ba su bar ni na huta ba. Wani ya ce mata na je nema, wani ya ce magani na je karɓowa wurin Buzaye tunda aikin gwamnati ya ƙi samuwa. Na ga gara in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, kowa ya karanta. Sai dai in faɗa tun farko, hankalina ba a kwance yake ba a wannan tafiya, saboda haka mai yiwuwa na sa wata magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko na gabatar da abin da ya zo daga baya. Abin da na tabbata da shi shi ne dalilin tafiyar. Kare na je nema.

Gidanmu yana wata 'yar ruga kusa da Ɗanzomo. Muna noma muna kiwo, kuma tun da na yi wayo akwai kare a garkenmu. Baffa, mahaifina, bai taɓa yarda kare ya tsallako dangar gida ba. Wurinsa gindin aduwa ne, kusa da turakun maruƙa, abincinsa kuma a wani tsohon kasko mai tsagaggen baki da ba a taɓa haɗa shi da kwanukan gida ba. Liman ya ce na kiwo ba laifi, a nan Baffa ya tsaya. A gaban mutane ko kallon kare ba ya yi. Amma ni na sha ganinsa da sassafe, kafin a fara tatsa, a tsugune yana cire wa kare kaska a kunne, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, sannan ya je ya wanke hannu.

Karya ta farko da na sani Dage ce. Ina jin ban fi shekara bakwai ba lokacin da maciji ya sare ta a cikin maruƙa. Na yi kuka har da birgima, yaran unguwa suka laƙaba mini "mai kukan kare", sunan ya bi ni har firamare. Maƙwabta in karensu ya mutu, igiya suke ɗaura masa a ƙafa su ja shi daji. Baffa ya miƙo mini fartanya, muka haƙa rami a bayan garke muka rufe ta. 'Yarta Kyalla ta mutu ina makarantar kwana. Sai da na dawo hutu na yi ta dube-dube kafin Inna ta ce, "Ai ta daɗe," ta ci gaba da dama furarta. A wurinmu ba a ta'aziyyar kare. Ba wanda ya hana, kawai ba a yi ne, kuma in mutum ya nuna abin ya dame shi sai a yi masa dariya.

Duna ɗan Kyalla ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji. Shi ne ya fi daɗewa. Kowace damina, in gonaki suka rufe ko'ina, Yaya Buba, ɗan wan Baffa, yakan kora shanunmu da nasu arewa, cikin Nijar, su dawo da kaka. Duna yakan bi su. Bana shanu suka dawo babu shi. Yaya Buba ya ce saniya ta take masa ƙafa, ta kumbura, ya kasa tafiya, sai ya bar shi a hannun wani Buzu mai suna Agali, a wata rijiya arewa da Dungas. Baffa ya ce, "Kare ne ai," aka wuce maganar.

Bayan 'yan makonni Inna ta kira ni a waya.

"Hamidu, babanku ba ya cin abinci."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Sai dai in an kai masa tuwo, ya gutsuri kaɗan, sauran ya kai kaskon nan ya juye. Kaji ke cinyewa. In la'asar ta yi kuma ya ɗauki sanda ya tsaya bakin burtali yana kallon arewa, wai shanu yake jira. Shanun da ke bayansa a ɗaure."

Na je gida a ƙarshen mako, na gani da idona. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na daɗe ina juya yadda zan fara maganar, daga ƙarshe na ce ina so in leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

"To," in ji Baffa. "In ka ga kanwa mai kyau ka sayo wa shanu." Ya ci gaba da murza carbi. Har na miƙe, sai ya ƙara, yana kallon ƙasa, "An ce ta wajen Dungas ta fi kyau."

Na tambayi Yaya Buba yadda zan gane mutumin. Ya ce ba wuya, Agali yana da haƙorin azurfa a sama, gefen dama. Na riƙe wannan kamar karatu.

Na nemi izini a makaranta, na kwana Gumel, na shiga motar Maigatari da safe. Na ɗauko igiya da tsohon buhu saboda Duna, na kuma ɗauko duk takarduna a jaka, har da shaidar digiri da ta bautar ƙasa, don ban taɓa tsallaka iyaka ba, ban san wadda za a nema ba. A cikin motar wata hajiya mai buhunan zoɓo ta tambaye ni abin da zan saya da wannan igiya. Ni kuwa ban iya ƙarya da sauri ba, na faɗa mata gaskiya. Ta maimaita wa direba, direba ya maimaita wa na gaba, kafin mu kai rabin hanya duk motar ta san labari. Wani dattijo ya ce, "Yaro, karnuka sun ƙare ne a Gumel? Zo bayan mahauta in ba ka biyar, kyauta." Na yi dariya tare da su, amma na ƙudurta a raina ba zan sake faɗa wa kowa ba.

Wanda bai ga Maigatari ranar kasuwa ba zai yi wuya ya gane. Manyan motoci sun toshe hanya, 'yan acaɓa na kutsawa ta ƙarƙashin wuyan raƙuma, dillalai na jan hannun mutum ko bai ce zai sayi komai ba. Na nufi wajen raƙuma inda Buzaye suke. A nan na gane wautar da muka yi ni da Yaya Buba. Duk namijin Buzun da na gani bakinsa a rufe yake da rawani, ido kaɗai ake gani. Ina za a ga haƙori? Na yi ta zagayawa ina gaishe su da tsawo, ko wani zai yi dariya rawanin ya zame. Da na tambaya ina Agali, wani ya nuna mini mutum uku a inuwa ɗaya, ya ce duk Agali ne, wanne nake so. Ba wanda ya fito daga wajen Dungas a cikinsu. Ɗaya ya lura ina leƙen bakinsa, ya ƙara jan rawaninsa sama har gindin ido. Daga baya na ji cewa a wurinsu namiji ya buɗe baki gaban baƙo kamar a wurinmu ne mutum ya tuɓe riga gaban surukai. Allah ya sa bai riƙe ni a zuciya ba.

Wanda ya cece ni wani ɗan acaɓa ne, Ɗanliti, magidanci mai surutu da ke kai mutane ƙauyukan hayi. Ya ce ya san rijiyoyin arewa da Dungas. Na ce masa kanwa zan duba. Ya kalli igiyar, ya kalle ni.

"Malam, kanwar ce ake ɗaurewa da igiya?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya kifa kansa a kan tankin babur, sannan ya ce, "Hau. Na taɓa kai mutum neman matarsa da ta yi yaji, na kai wani neman jaki. Kai ne na kare na farko."

A bakin iyaka, wajen namu, ba a tsayar da mu sosai ba. A wajen Nijar wani jandarma ya karɓi katin shaidata, ya tambaye ni inda za ni da abin da zan yi. Na yi niyyar cewa kanwa, amma ganin kaki sai na sake faɗin gaskiya. Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa da Faransanci, suka yi murmushi. Ba su yi dariya irin ta motar Gumel ba. Jandarman ne ma ya ce mu yi sauri, Buzayen sun fara tashi daga rijiyoyin nan. Wannan magana ta hana ni sukuni duk sauran ranar. Takardun digiri kuwa ba wanda ya ce in buɗe.

Hanyar ba zan iya kwatanta ta daidai ba. Rairayi ne, babur yana tafiya yana rawa. Mun faɗi sau biyu, ko uku, Ɗanliti ya ce sau ɗaya ne, sauran sauka muka yi. Ƙaya ta huda mana taya, muka tura har wani ƙauye inda mai faci ya tafi sallar la'asar ya daɗe bai dawo ba. Ina tashi ina zama, ina duba rana. Ɗanliti ya sayo wani burodi dogo kamar sandar kiwo, mai taurin ɓawo, ya karya ya miƙo mini.

"Ci, Malam. In karen yana nan, yana nan. Zirga-zirgarka ba ta ƙara wa mai faci sauri."

A can acaɓa kabu-kabu suke ce masa, kwastan kuma duwan. Ban da irin waɗannan, Hausarsu tamu ce, sai dai tana da ɗan nauyi a harshe.

Magariba ta riske mu a wani ƙauye bayan Dungas, sunansa ya ɓace mini. Aka sauke mu a zauren mai gari. An kawo tuwon gero da miyar kuka, da buta ɗaya ta ruwa mu biyu, alwala da wanke hannu duka, don rijiyarsu da nisa. Da safe aka kawo tukuɗi, garin gero da dabino da cuku an daka tare, ya fi furarmu zaƙi da nauyi, ban iya gama nawa ba. Mai gari bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba sai da muka ci muka sha. Ɗanliti ya riga ni, ya ce, "Kanwa, ranka ya daɗe," yana taka mini ƙafa. Da na ambaci Agali mai haƙorin azurfa, mai gari ya ce kowa ya san shi, ya taɓa cin nama a nan zauren. Ya nuna mana hanya.

Mun isa da hantsi. Bukkokin tabarma ne guda uku ko huɗu, an riga an kwance ɗaya an ɗaure kayanta. Karnuka suka taso mana, dogaye sirara, masu launin rairayi. Na duba cikinsu da sauri, babu baƙi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ɗaya daga cikinsu ya fito ne daga cikin bukka, da laya a wuyansa, wata yarinya kuma ta rungume shi ta mayar da shi ciki kamar ɗan akuya. A gidanmu da an wanke bukkar nan.

Wani dogon mutum cikin shuɗin rawani ya fito, muka gaisa. Shi ne Agali. Ya tambaye ni abin da ke tafe da ni. A nan na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin nauyi. Dariyar motar Gumel tana kunnena, ga kuma tsoron amsar da zan ji, sai na ji bakina ya ce rago na zo dubawa.

Agali ya ɗauki maganar da gaske. Ya kai mu wajen tumakinsa, ya kamo wannan ya buɗe mini haƙoransa, ya kamo wancan ya sa in taɓa gadon bayansa. Ni kuma ina taɓawa ina cewa madalla, idona yana bayan bukkoki da gindin kowace bishiya. Rana ta take. Ya sa aka koro wasu daga nesa. Ina jin da an bar ni, da na dawo Gumel da rago a kan babur ban tambayi komai ba.

Ɗanliti ne ya gaji. "Haba Malam. Faɗa masa mana. Maigida, ba rago ba ne. Baƙin karen nan da wani Bafulatani ya bari a wurinka da damina, na babansa ne. Tsohon ya daina cin abinci."

Agali ya saki ragon da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallona.

"Don me ba ka faɗa ba tun ɗazu? Na bar ka tsaye a rana kamar mai ciniki."

Ya koma da mu inuwar bukka, ya shimfiɗa tabarma da kansa, ya sa aka kawo gawayi da ƙaramar butar shayi. Ya cire takalmansa ya zauna daf da ni. Tun daga nan na gane. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri?"

Ban taɓa jin an yi wa wani wannan gaisuwa a kan kare ba. Na duba Ɗanliti ko zai yi dariya, na ga ya cire hularsa yana jujjuya ta a hannu.

Agali ya ba da labarin a hankali, yana dafa shayi, ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi. Ya ce ƙafar ta sace bayan sun sa mata magani. Duna bai yarda da abincin kowa ba sai madarar da matarsa ke zuba masa. Bai yi faɗa da karnukansu ba, bai kuma shiga cikinsu ba. Ya taɓa korar dila daga 'yan awaki da ƙafa uku. Kullum in rana ta yi sanyi sai ya ja jiki ya kwanta a bakin hanyar shanu, kansa yana kudu. Wata safiya ba su gan shi ba. Agali ya bi sawunsa a kan raƙumi, ya same shi a gindin wani gawo, a kan hanyar da shanunmu suka bi, ya riga ya mutu.

"Ya yi nisa fiye da yadda na zata," in ji shi. "Tsoho ne, amma ya yi nisa."

Na tambaye shi abin da na san Baffa zai tambaya. Ya ce ya haƙa rami har gwiwa, ya rufe, ya ɗora ƙaya da duwatsu. Ya shiga bukka ya fito da igiyar fatar da ke wuyan Duna, wadda Baffa ya kitsa da hannunsa, ya ce ya ajiye ne don ya san mai irin wannan kitso zai aiko. Ban yi birgima irin ta shekara bakwai ba, amma na yi kuka, kuma ba wanda ya kau da kai ko ya yi tari.

Da za mu tafi ya nuna mini 'yan kwikwiyo a bayan bukka, ya ce in ɗauki ɗaya, su ba sa sayarwa, bayarwa suke. Na yi ta inda-inda, na ce sai na tambayi Baffa. Ya ce ba komai, da damina suna nan rijiyar. Haƙorin azurfar kuwa har muka rabu ban gan shi ba.

A hanyar dawowa abu ɗaya nake juyawa: yadda zan faɗa. Na ma tambayi Ɗanliti ko yana ganin akwai laifi a addini a yi wa mutum gaisuwar haƙuri a kan dabba. Ya ce shi ba malami ba ne, amma ai ba karen ake gaisarwa ba. Na sayi kanwa a Maigatari, don kada in shiga gida hannu rabbana.

Na isa rugarmu washegari da la'asar. Baffa yana bakin burtali da sandarsa. Ya kalli buhun da ke kafaɗata, ya ga yadda yake a dunƙule, ya kalli igiyar da ke naɗe a hannuna. Muka taka zuwa gindin aduwa. Ya zauna a kan turmi. Na ajiye kanwar, na cire takalmana, na tsuguna, na miƙa masa igiyar fatar da hannu biyu. Na ce, "Baffa, ya haƙuri?"

Ya ɗago ya dube ni, na zata faɗa zai yi. Ya juya fatar a hannunsa, ya shafa wurin ƙullin da babban yatsa.

"Haƙuri sai godiya," ya ce. Can ya ce, "An rufe shi?"

"An rufe shi. Har gwiwa, da ƙaya da duwatsu."

"A ina?"

"A kan hanyar gida. Ya taso."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya miƙa sandarsa ya kifar da kaskon, ya ɗaga murya wajen danga ya ce, "Akwai sauran fura?" Na ji Inna ta ajiye wani abu da ƙarfi a cikin gida.

Yana sha na ba shi sauran labarin, har da ragunan, ya yi 'yar dariya. Ya ce da damina Buba ya kai wa mutumin nan damin gero. Da na ambaci 'yan kwikwiyon sai ya ci gaba da shan furarsa. Sai washegari, ina ɗaure jaka zan koma Gagarawa, ya biyo ni har bakin hanya yana maganar taki da kuɗin mota, sannan ya ce, yana kallon wani wuri daban, "Waɗancan 'yan karnukan, wane launi ne?"

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Ɗanliti, in wani ya karanta maka wannan a tasha, ka aiko a gyara yawan faɗuwarmu da sunan ƙauyen da muka kwana. Yaya Buba ya ce hagu haƙorin yake ba dama ba, wai ni na ji ba daidai ba. Inna kuma ta ce ba fura Baffa ya nema ba, ɗumamen tuwo ne, kuma sai da ya ƙara. Duk wanda ya san wani abu da na karkata, ya sanar da ni kafin damina, musamman wanda ya lura da launin 'yan kwikwiyon nan. Na ce wa Baffa jajaye ne, amma a lokacin idona bai gani sosai ba, shi kuma ya riga ya wanke kaskon.